Muna so mu sabunta shafinmu na 'yan gem, tsofaffin mambobi sun ce ba su yarda ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muke riƙe da wani shafi na masu buga gem ɗin ƙwallo, tun lokacin da ake kiran eFootball da PES. Akwai zaure a ciki inda mutane ke tambaya ana ba su amsa. Shafin ya tsufa, a waya ba ya zama daidai. Wani matashi mai zana shafuka ya ce zai rushe shi ya gina mana sabo, a zubar da tsoffin rubuce-rubuce tunda ba mai karanta su, hira kuma a mayar da ita WhatsApp ko manhajar hira ta Discord. Da muka nuna hoton sabon fasalin, sai tsofaffin mambobi suka yi mana ca, wasu har suna cewa za su fice. Mu bi tasu ne, ko mu ci gaba da aikinmu? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima. Shawarar matashin nan abu uku ta ƙunsa, ya haɗa muku su a ƙunshi ɗaya. Gyaran shafi don ya zauna a waya daidai ne, ku yi shi. Zubar da tsoffin rubuce-rubuce da kwashe hira zuwa WhatsApp kuwa, ina roƙonku kada ku yarda, domin a nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Bari mu fara da ƙorafin mambobinku. Wani ɓangarensa sabo ne kawai: launi ya canza, ido bai saba ba, bayan 'yan makonni za a manta. Wani ɓangaren kuma gaskiya ne tsagwaronta, an ɗauke wa mutum abin da yake aiki da shi kullum. Hanyar rarrabe su ita ce ka tambayi mai ƙorafi, "Me kake yi a tsohon shafin wanda ba za ka iya yi a sabon ba?" In ya ce shi dai bai yi masa kyau ba, ka ba shi haƙuri. In ya ce da yana shiga ya ga jerin tambayoyin da ba a amsa ba tukuna, yanzu kuma babu, to ka ɗauki biro ka rubuta. Shafin Digg, wanda ya taɓa zama babbar matattarar labarai a intanet, ya raina irin wannan ƙorafi na biyu a watan Agustan 2010. Ya fito da sabon fasali, ya cire wasu maɓallan da mutane suka dogara da su, ya fifita manyan kafafen labarai a kan mambobinsa. Jama'a suka yi ƙaura zuwa Reddit, Digg bai sake komawa matsayinsa ba.

Amma misalin da ya fi kusa da ku shi ne na masoya gem ɗin World of Warcraft. Suna da kundin bayanai da suka rubuta da hannunsu, WoWWiki, a kan kamfanin Wikia. A 2010 kamfanin ya tilasta wa kowa sabon fasali wanda ya matse faɗin shafi, ya ƙara wa talla wuri. Ga mai leƙowa sau ɗaya a wata wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya kwana yana jera manyan jadawalai na makamai da matakan gem, sai ya wayi gari jadawalinsa ba ya shiga shafi. Mafi yawan masu wannan wahalar suka kwashi kwafin kundin suka kafa Wowpedia a ƙarƙashin kamfanin Curse, kuma lasisin da aka yi rubutun da shi ya ba su damar yin haka. A ƙarshen 2018 Wikia, wanda ya koma Fandom, ya sayi sashen shafukan Curse, sai ga su a hannun wanda suka guda. A 2023 suka sake tattara komatsansu zuwa Warcraft Wiki. Marubutan kundin RuneScape sun yi irin wannan ficewar a 2018 da goyon bayan Jagex, kamfanin da ya ƙirƙiri gem ɗin, na Minecraft kuma suka bi sahu a watan Satumban 2023, suna kuka da yawan talla da nauyin shafi.

Ka lura da waɗanda suke tafiya a duk labaran nan. Masu rubutu ne da masu gyara da masu share shirme, kuma a kowane zaure 'yan tsiraru ne. Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da shafuka, ya yi bayani a 2006 cewa a mafi yawan irin waɗannan wurare kusan mutum 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 suna sa baki jefi-jefi, mutum 1 ne ke ɗauke da yawancin aikin. Ƙiyasi ne, amma na tabbata in ka ƙirga waɗanda ke amsa tambayoyi a zaurenku, za ka iya kiran sunayensu da ka. Su ne ya kamata ku zauna da su kafin a taɓa komai, tun kafin a zana hoto na farko. Nuna musu aiki bayan an gama shi sanarwa ce, kuma sun san haka, shi ya sa suka fusata.

Yanzu ga maganar cewa ba mai karanta tsoffin rubuce-rubuce. Wannan ba abin gardama ba ne, abin dubawa ne. Ku haɗa shafinku da Google Search Console, kyauta ne, ku ga waɗanne shafuka ne ke kawo muku baƙi. A shafukan tambaya da amsa sau da yawa tsoffin amsoshi ne ke jawo mutane. Wani yaro a gidan gem, abin buga gem ɗinsa na hannu ya ƙi haɗuwa da kwamfuta, ya rubuta matsalar a Google, ya faɗo kan amsar da wani mambanku ya bayar shekaru biyar da suka wuce. Daga nan yake sanin kuna raye. GameFAQs, wanda Jeff Veasey ya kafa a 1995, har yau yana ajiye da jagororin gem na shekarun 1990 a rubutu zalla, babu hoto, babu ado. Marubutansu kan sa wata 'yar lamba a gaban kowane babi a jerin farko, mai karatu ya danna Ctrl da F ya rubuta lambar, ya dira daidai inda ya maƙale. Serebii, shafin masoya Pokémon da Joe Merrick ya fara a 1999, fasalinsa bai canza wani abin kirki ba tsawon shekaru, kuma 'yan gem ɗin ba su daina zuwa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan aiki shi ne adireshi, domin ba a ganin ɓarnarsa a ranar buɗewa. Kowace tambaya a zaurenku tana da nata adireshin. An tura shi a Facebook, an liƙa shi a ƙarƙashin bidiyon YouTube, Google ya haddace shi. In sabuwar manhajar ta sa wa shafukan sabbin adiresoshi, duk wanda ya bi tsohon zai ci karo da saƙon nan na 404, wato ba a samu shafin ba. Kamar a sake gina kasuwa ne a sauya wa kowa rumfa ba tare da an bar mai nuna hanya ba. Kaya na nan, mai saye ya zo ya koma. Maganinsa umarnin karkatarwa ne mai lamba 301, wanda ke ɗaukar mai bin tsohon adireshi ya kai shi sabon, ya kuma shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Dole a yi shi shafi da shafi. Wasu masu zane don sauƙi sai su karkatar da komai zuwa shafin farko, wannan kuwa bai amfani wanda ya zo neman amsa guda ba. Google da kansa yana ba da shawarar a bar karkatarwar aƙalla shekara 1. Ni dai ina ganin ku bar ta muddin shafin yana raye. Marubutan kundin Minecraft ba su sami wannan gatan ba, domin tsohon adireshin ba nasu ba ne. Tsohon kwafin ya ci gaba da zama a Fandom yana gogayya da sabon a sakamakon bincike. Ku adireshinku a hannunku yake, kada ku yi wasa da shi.

Hotuna ma ku bincika inda suke zaune. A 2017 Photobucket, shafin ajiye hotuna, ya toshe hotunan da mutane suka liƙa a wasu shafuka sai an biya kusan dala 400 a shekara, sai tsoffin bayanai masu tarin yawa a zaurukan duniya suka koma rubutu da ramuka, "danna nan kamar yadda ka gani a hoto", hoton kuma babu. In hotunan jagororinku a gidan wani suke, ku sauke su ku ajiye a naku yanzu. Kuma kada ku ɗauka girma yana kare zaure: BioWare, kamfanin da ya yi Mass Effect, ya rufe nasa a 2016, hirar shekaru ta tafi sai abin da masoya suka yi ta maza suka kwafa.

WhatsApp da Discord suna da amfaninsu. Don haɗa gasar daren Asabar, ko neman abokin bugu yanzu-yanzu, babu kamarsu. Sai dai Google ba ya ganin abin da ke cikinsu, kuma wanda ya shiga rukunin WhatsApp yau ba zai tarar da bayanin da aka yi bara ba. Tambaya ɗaya za a yi ta maimaitawa har masu amsawa su gaji su yi shiru. Ku buɗe rukunin in kuna so, amma ku sa wani admin ya riƙa kwaso duk amsa mai amfani yana mayar da ita zaure.

Game da sabon fasalin kansa, kada ku gwada shi a kwamfutar mai zanen. Ku nemo waya mai araha, irin wadda yawancin mambobinku ke riƙewa, ku kashe Wi-Fi, ku buɗe shafin da data a inda sabis ba shi da ƙarfi. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Najeriya a farkon 2025, kowane babban hoto da kowane bidiyo mai kunna kansa daga aljihun mai karatu yake fita. In sabon ya fi tsohon jinkirin buɗewa, ba a gama aiki ba.

Kafin ranar sauyi, ku ɗauki cikakken kwafin rumbun bayanai da na hotuna, ku gwada dawo da shi a wani wuri don ku tabbata yana aiki. Ku tabbata sunayen mambobi, ranar shigarsu da adadin rubutunsu sun bi su, domin mutumin da ya yi shekaru yana taimakon jama'a ba zai ji daɗi ba in ya shigo ya ga an mayar da shi sabon shiga. Manhajojin zaure irin su phpBB da XenForo da Discourse suna da kayan kwaso bayanai daga wasu manhajojin zaure, saboda haka in an ce muku ba zai yiwu ba, ku nemi ƙarin bayani. In da hali ku bar tsohon fasalin a matsayin zaɓi na wani lokaci, yadda Reddit ya yi a 2018. Kada kuma ku yi sauyin a ƙarshen Satumba, lokacin da sabon gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC ke fitowa tambayoyi suna kwararowa.

Shi kuma matashin, ku riƙe shi da mutunci, wataƙila gwani ne a zane, ƙaurar zaure ce bai taɓa yi ba. Ku rubuta yarjejeniya a takarda: rajistar sunan shafin da asusun ma'ajiyarsa su kasance da sunanku da imel ɗinku, kalmomin sirri a hannunku, sannan kashi na ƙarshe na kuɗinsa ya jira har ku ɗauko tsoffin adiresoshi 20 daga Google da Facebook, ku danna su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kai ku inda ya dace.