Amsa ga ɗan'uwa mai shirin sayen gangunan akirilik na hannu

Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni, domin ciwon da kake gudu ciwo ne da na sani. Ka ce ka ga saitin gangunan jaz na akirilik, wato roba mai tauri kamar gilashi, irin wanda ake hango cikinsa, na hannu: kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa) inci 22, tom (ƙananan gangunan sama) 10 da 12, fulo (tom mai tsayawa da ƙafafunsa a ƙasa) 16, sai siniya (gangar mai wayoyi a ƙarƙashi) 14. Mai kaya ya ce maka ya fi na katako ƙara, abokai kuma sun ce sautin bokiti gare shi, ga saurin fashewa. Can ƙarshe kuma ka ƙara, kamar ba wani abu ba, cewa akwai 'yan fararen layuka a gefen lug ɗaya na tom 12, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaure a jikin ganga wanda notin ɗaurin fata ke shiga cikinsa. To wannan na ƙarshen shi ne ya hana ni wucewa. Kada ka ba da ko sisi sai an kwance wannan lug ɗin a gabanka.

Layukan nan ba datti ba ne, ba kuma karce ba ne. Tsagewa ce ta fara. In ka ɗaure sukurun lug a jikin katako, washa tana ɗan nutsewa cikin icen, matsin ya bazu. Akirilik ba ya ba da wuri, duk matsin a bakin ramin yake taruwa. Sannan in ya sha zafi yana buɗewa kusan ninki shida na yadda ƙarfe ke buɗewa. Kik inci 22 faɗinsa wajen milimita 560 ne. In aka ɗauko shi daga ɗaki mai sanyi aka kai filin biki, zafi ya ƙaru da digiri 20, faɗin nan zai so ya ƙaru da kusan kashi uku cikin huɗu na milimita. Kaɗan ne a ido, amma sukurun da aka murɗe har ƙarshe ba ya barin jikin ya motsa, sai ramin ya fara fitar da layuka. Saboda haka ne masu ƙera na kirki ke sa roba tsakanin lug da jiki, su sa washar roba ko ta nailan ta ciki, kuma su buɗa ramin ya ɗan fi sukurun faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai a harkar nan shi ne masu gyaran da ba su san kayan ba, kuma ba za su ce ba su sani ba. Mutum zai ga lug na motsi, sai ya ɗauko sukundireba ya danna da duk ƙarfinsa har sai ya ji ta tsaya cak, ya miƙo maka yana murmushi wai ya gyara. Bayan wata biyu layuka su fito. Ka mayar masa, sai ya tsiyaya sufa gulu. Sufa gulu ba ya haɗe akirilik yadda ya kamata, yana kwanciya ne a sama, ya bar farin hazo a kewaye wanda ba ya goguwa, ya kuma toshe bakin tsagar yadda ainihin maganin ba zai ƙara shiga ba. Ya lalata wurin sau biyu ke nan, kuma ya karɓi kuɗin aiki. Wani ma da tina ko sifirit zai goge hazon, nan take wurin ya ƙara tsattsagewa. Sai kuma mai sayarwa ya zo ya liƙa sitika a kai, ko ya juya ɓangaren ya kalli bango, ko ya kunna fitilu masu launi a cikin gangar don ido ya shagala. Kai ka ɗauka kwalliya ce. Ranar da abin zai nuna hali kuwa ba ranar gwaji ba ce, ana tsakiyar taro ne: ka sauke sanda a kan fulo, ka ji ƙas, ƙafa ɗaya ta karkace, tsagar ta gudu daga ramin ƙafar har bakin ganga, fatar ta saki gefe ɗaya, sautin ya mutu. Jama'a su waigo suna kallon makaɗi. Ba wanda zai tuna da mai sukundireba. Shugaban ƙungiya ma kai zai tambaya me ka yi wa kayan mutane, alhali watanni ke nan da aka kashe gangar, ranar ce kawai ta faɗi.

Don haka ka tafi da maɓallin ganga, tocila, awo, da haƙuri. Cire fatu duka, sama da ƙasa. Haska tocilar ta gefe, ba kai tsaye ba, domin tsaga tana ƙyalli ne in haske ya ratsa ta a karkace. Ka fi zuba ido a ramukan lug, ramukan ƙafafun fulo, ƙafafun kik, da wurin da sandar tom ke zama a saman kik, don nan ne nauyi ya fi yawa. Ja farce a kan layin: in farce ya kama a waje kawai, ciki sumul, karce ne, ana gyara shi. In layin yana cikin naman robar, ko ka ji shi ciki da waje, tsaga ce. Duba ko jikin yana da ɗinki. Wasu ana lanƙwasa falle ne a haɗa bakinsa, wasu kuma ana zuba su a dunƙule ba ɗinki. Mai ɗinki ba laifi ba ne in an haɗa shi da kyau, amma in ka ga kumfa ko fari a layin haɗin, ko farce na shiga, ya fara rabuwa. Auna faɗin kowace ganga ta wurare uku ko huɗu. In bambancin ya kai milimita 3, ta sha zafi ta karkace, ba za ta ƙara ɗauruwa daidai ba. Sai ka kifa ta a kan gilashin tebur, ka sa tocila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa, bakin bai kwanta ba. Ɓallewar baki ko da ƙwayar shinkafa ce tana sa fata zizara. Kauri kuma, masu kyau suna tsakanin milimita 5 zuwa 7. In ka ga siririn da kake iya matse shi da hannu ya lotsa, bar shi.

Maganar sauti, mai kaya bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, abokanka ma haka. Akirilik ya fi katako nauyi da tauri: kusan giram 1.2 a kowane santimita kubik, katakon mafal, wanda ake yawan yin ganga da shi, kuwa wajen 0.7. Cikinsa sumul ne, ba ƙofofin da za su sha sauti, don haka bugun sanda yana fitowa da kaifi, da ƙarfi, ƙasan ma yana da nauyi, amma wannan ɗumin tsakiya da katako ke bayarwa ya ragu. Makaɗin da ke zaune a bayansa ya fi kowa jin bambancin. Wanda ke layi na goma, bayan sauti ya bi ta makirfo da mikisa, da wuya ya rantse wanne ne wanne. Fata da ɗauri su ne ke da kaso mafi tsoka. Sautin bokitin da ake faɗa yawanci daga tsohuwar fata mai falle ɗaya ne da ta lotsa a tsakiya, an ɗaure ta sama tam, ta ƙasa kuma an bar ta sako-sako ko an cire ta gaba ɗaya.

Ba sabon abu ba ne da za a ce ba a gwada ba. Kamfanin Ludwig ya fito da gangunan akirilik masu suna Vistalite a 1972, John Bonham, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin, ya kaɗa mai ruwan zuma da kik inci 26 a manyan filaye, kamfanin Pearl ma ya fito da nasa mai suna Crystal Beat a 1973 ya dawo da shi a 2014. Sunan saurin fashewa daga na wancan zamanin ya samo asali, musamman wajen ɗinki da ramuka. Na yanzu na manyan kamfanoni sun fi inganci. Matsalar ita ce kasuwa ta cika da marasa suna waɗanda ba roba a ƙarƙashin lug, ramukan kuma an huda su da gaggawa, bakinsu duk a ɓantare tun daga masana'anta.

A tom da fulo sa fata mai falle biyu a sama, irin Remo Emperor ko Evans G2, kowane falle kaurinsa mil 7 (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci). A ƙasa sa mai falle ɗaya, Ambassador ko G1, mil 10. In kaifin ya yi maka yawa, ɗauki mai farin shafi, tana tausasa bugun, sai dai ta rage kyan gani. Pinstripe ko EC2 suna ƙara gajarta sautin, amma a kan akirilik suna iya kashe shi fiye da yadda kake so, musamman a tom 10. Kik kuwa Powerstroke 3 ko EMAD, da ƙaramin tawul a ciki yana ɗan taɓa fatar bugu. Kada ka cusa katifa da filo biyu, komai ana gani, kuma ka kashe abin da ka saya dominsa. Wajen ɗauri, fara da yatsa har kowane noti ya taɓa washa, sannan rabin juyi rabin juyi, kana tsallakawa zuwa na daura da shi, ba bi da bi ba. Ta ƙasa ta ɗan fi ta sama ɗauri kaɗan. Taɓa gefen kowane noti da sanda ka daidaita muryoyin. Akirilik ba ya ɓoye kuskure. Noti ɗaya in ya bambanta, za ka ji shi.

Ka ambaci cewa ɗakin naku rufin kwano ne ba silin, ƙasa tayil. Gaskiya a irin wannan wuri ko wace ganga aka kawo sai ta cika kunne, balle wannan. Shimfiɗa kafet mai kauri a ƙarƙashi, rataya labule mai nauyi a bangon baya, sauka daga sanda mai kauri 5B zuwa siririya 7A. Kuma kafin a ɗora wa ganga laifi a duba farantan ƙarfe, wato simbal. Yawancin abin da mawaƙa ke kuka da shi ba tom ba ne, simbal ne na tagulla mai arha da siniya da aka ɗaure har wuya. Sai mai mikisa ya ƙara wa kowa ƙara don ya rufe ganga, makaɗi ya daina jin kansa ya ƙara ƙarfi, a ƙarshe a ce a sayo katangar roba a killace shi. Katangar nan ma akirilik ce, kuma ba ta shan sauti, mayar da shi take yi. In ba a sa soso ko labule a bayan makaɗi ba, kunnensa ne zai sha wahala, makirfo ɗin tom kuma su kwashi ƙarar simbal. Ni a ganina siniyar akirilik ma ajiye ta za ka yi don fili, a ɗaki ka sa ta katako.

In tsagar tom 12 gajera ce, ba ta kai santimita 2 ba, kuma ba ta nufi baki ba, ana iya tsayar da ita. A liƙa tef ciki da waje, a tokare da guntun katako ta baya, a huda ɗan rami milimita 2 zuwa 3 daidai ƙarshen tsagar. A hankali, ba dannawa, kuma da bakin dirila da aka ɗan dakushe, domin sabo mai kaifi cafka yake ya ɓalle robar. Sai a zuba ruwan haɗa akirilik, irin Weld-On 4, da sirinji. Tsinkakke ne, shi da kansa yake bin tsagar ya narkar da gefunan su haɗe. Ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, in ya zuba a wani wuri kada ka goge, bar shi ya bushe. A yi a wuri mai iska, kada a shaƙa. Bar shi awa 48 kafin a mayar da lug. In ba ka taɓa yi ba, masu yin allunan talla da akirilik sun fi mai gyaran ganga sanin wannan aikin. Wajen mayarwa, sa roba ta waje, faffaɗar washa ta ciki, ka murɗa da yatsu biyu a kan sukundireba. Da ta tsaya, ƙara ɗan kaɗan ka bari. Tom ɗin kuma kada ya koma rataye a kan ƙarfen da aka huda jikinsa, ɗora shi a kan sandar siniya ko ka nemi maratayi mai kama zobe.

Hunturu shi ne abokin gabar kyansa. Busasshiyar iska tana sa robar ta riƙa jan ƙura, kai kuma in ka goge da busasshen tsumma, yashin ne kake gurzawa a jiki. Fara hure ƙurar, sannan ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi. Ban da sifirit, tina, fetur, turare, man goge farce, da ruwan goge gilashi mai amoniya. Karce mai zurfi ana bin sa da samfefa a jiƙe, 800, 1000, 1500, 2000, sannan man goge roba irin Novus. Kada a bar shi a but ɗin mota da rana, kada a jingina shi kusa da fitila mai zafi ko salansar janareto, kada kowa ya zauna a kan kik, kada a ɗaga shi ta sandar tom. Ba jaka mai soso, ba hawa bayan a-kori-kura.

In ɗaki ɗaya zai zauna kuma kai kaɗai ne mai riƙe da maɓalli, ka saya bayan ka duba, ka cire kuɗin sababbin fatu da na gyaran tom daga farashin. In kuwa kowane mako sai an loda shi zuwa biki, yara biyar suna karɓa-karɓa a kansa, ɗauki na katako. Kuma in mai kayan ya ƙi yarda a kwance lug ɗin nan, ko ka tarar tsagar ta kai baki, ko an riga an zuba mata sufa gulu, ka ƙirga saitin a matsayin ganga huɗu ka yi ciniki a kan haka.