Tambayi Bakanike: Zan iya canza fad ɗin birkin Hilux ɗina a gida?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da Hilux ƙirar 2010 da nake kwaso masara da ita daga gona zuwa kasuwar Dandume, toh kwana biyun nan duk na taka birki sai inji wani ƙiii daga tayar gaba, abokina yace fad ne ya cinye. Garejin da na yarda dashi yana Funtuwa, gashi kaka ce bana son motar ta kwana can. Ina da jak da sifanu kuma ina ɗan taɓa gyaran injin ban ruwa. Zan iya da kaina ko dai in haƙura? Daga mai karatu a Dandume.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kaka. Wanda ke kwance injin ban ruwa ya mayar, fad ba zai gagare shi ba. Amma fara tantance ƙaran tukunna. In siririn ƙara ne kamar fito, wannan ɗan ƙarfen da aka maƙala jikin fad ne yake gogar dis, wato faifan ƙarfen da fad ke matsewa, don ya gaya maka lokaci yayi. In kuwa gurrr kake ji, ƙarfe na cin ƙarfe, toh fad ya riga ya ƙare tas ya shiga cin dis, kuma nan maganar ta wuce tsakar gida, a kai gareji.

Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 ne ko sama kaɗan, in ya dawo milimita 3 a canza kawai, musamman ku masu lodi. Kuma ɓangare biyu ake canzawa tare, hagu da dama, in ka canza ɗaya ka bar ɗaya motar zata rinƙa fizga gefe duk ka taka. Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu ko lambar shasi, don Hilux kala-kala ce, fad ɗin mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, daban da na wacce ba fowil ba. Kar araha ta ja ka, jabu ya cika kasuwa, kuma shi jabu sai ya ɗau zafi a gangara da buhu ashirin a baya sannan zai nuna maka halinsa.

Yanzu abinda yafi damuna, ɗaga motar. Samu waje mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba yashi ba, babu kaya a baya. Ja hanbirki, sa giya, dasa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notinan taya tun motar na ƙasa sannan ka ɗaga. Wallahi kar ka yarda da jak shi kaɗai, kar kuma ka tokare da bulon siminti yadda nake gani ana yi, bulo farfashewa yake lokaci guda ba sallama. In baka da ƙarfen tokare mota sa kututturen katako mai kauri ƙarƙashin shasi, tayar da ka cire ma ka tura ta kwance ƙarƙashin motar.

Da ka cire taya ka murza sitiyari kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, ta fuskance ka. A yawancin masu fowil ba sai ka kwance kalifar ba ma, wasu dogayen fil guda biyu ne suka ratsa fad ɗin da ɗan waya da ya riƙe su, ka zare wayar, ka bubbuga fil ɗin su fita, ka lura da yadda sifirin ɗin yake zaune. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, kuma ka gama ɓangare ɗaya kafin ka buɗe ɗayan don ka samu abin dubawa in ka rikice. In kalifarka irin mai bol biyu a baya ce toh kwance su ka ɗaga kalifar ka rataye ta da waya, kar ka barta tana lilo a jikin tiyon man birki.

Sabon fad ba zai shiga ba sai ka mayar da fistin ciki. Buɗe bonet ka cire murfin robar man birki, sannan ka tura fistin a hankali, ka bar tsohon fad a tsakani ka danna ta jikinsa don kar ka yaga robar da ta kewaye fistin ɗin. Mai fowil fistin huɗu gareta kowace taya, kana tura ɗaya wani na leƙowa, haƙuri ake. Rinƙa leƙa robar man don zai hau sama, in zai zube ɗebe kaɗan da sirinji, man birki na cin fenti. Fistin da yaƙi komawa ko kaga jiƙar mai a gefensa, tsaya nan, aikin bakanike ne.

Ƙurar wajen kar ka hure ta da baki, goge da jiƙaƙƙen tsumma. Shafa yatsa jikin dis, in kaji zurfafan layuka ko baki ya tashi sosai a gefe sabon fad ba zai zauna daidai ba. Giris ɗan kaɗan, irin na birki, a jikin fil da bayan fad kawai, fuskar fad da dis ko ɗigo kar ya taɓa.

In ka mayar da taya ka sauke mota ka ɗaure notina a gicciye, rufe murfin mai. Sai abinda mutane ke mantawa har su daki katangar gida: kafin ka motsa ko taku ɗaya, ka tattaka birki sau da yawa har sai yayi tauri, don takun farko zai tafi ƙasa fayau babu birki sam. Gwada a hankali a layi, kuma kwanakin farko a bi shi sannu, banda taka birkin gaggawa in ba dole ba, har fad ya kwanta jikin dis.

TAMBAYA: Malam man birkin motata yana raguwa kaɗan kaɗan, in ta ƙarawa ne? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: In a hankali yake sauka cikin watanni, yawanci fad ne ke cinyewa fistin na ƙara fitowa, duba fad kafin ka cika. In kuwa cikin sati ya faɗi ƙasa da layin MIN na jikin robar man, yoyo ne, leƙa bayan tayoyi huɗun, har na baya masu dram, kar ka hau titi sai an gano. In zaka ƙara duba murfin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, ka sa daga sabuwar roba da ba'a buɗe ba don man birki na shan danshi.