Wakis ɗin feshi ne ya ci min fentin mota?

Tambaya:

Salam oga, don Allah ina cikin damuwa. Mota ce da ni baƙa, wata shida kenan da saye, na sayi wakis ɗin nan na feshi da ke zuwa a kwalba, kullum da safe kafin in fita sai in feffesa in goge da tsumma ta yi ta ƙyalli. To yanzu in ta shiga rana sai in ga wasu siraran zane a zagaye kamar saƙar gizo a kan bonet da ƙofofi. Wani ya ce min wakis ɗin ne ke cin fenti wai akwai asid a ciki, wani kuma ya ce in ƙara yawan fesawa zai cike su. Wai da gaske abin nan yana da amfani ko kuɗina kawai na zubar? Kuma motar za ta gyaru?

Amsa:

Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, motarka za ta gyaru in sha Allah, kuma babu wani asid a cikin kwalbar nan da zai ci maka fenti. Amma fa sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, hannunka da tsummanka ne suka yi wannan aikin, wakis ɗin ɗan rakiya ne kawai.

Bari in fara da amfaninsa a gurguje tunda ka tambaya. Abin da ke cikin kwalbar ko dai kakin kanoba ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino da ke Burazil, ko kuma wasu sinadaran roba da ake haɗawa a masana'anta, wasu su sa silika su rubuta maka seramik a jiki. Aikinsa ya bar wani ɗan siririn rufi a kan kiliya, wato rufin nan marar kala da ke saman fentin mota, ruwa ya daina kwanciya ya rinƙa dunƙulewa yana gangarewa, datti da kashin tsuntsu su rage kamawa, wanki na gaba ya zo da sauƙi, ga sheƙi. Yana ɗaukar 'yan makonni, na roban masu kyau su kai wata biyu zuwa uku in ana kula, bai kai na gwangwani mai kauri daɗewa ba amma minti goma ka gama mota guda maimakon ka ɓata awa kana murza. Ni kaina kusan duk motar da na wanke da shi nake rufewa. Kenan kuɗinka ba su tafi a banza ba.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Ka ce kullum da safe kake fesawa ka goge, ba ka ce kana wankewa ba, kuma na tabbata ba ka wankewa don babu mai wanke mota kullum kafin ya fita aiki sai ɗaiɗaiku. Wannan ita ce matsalar da nake gani kusan kowace rana har na gaji da maimaitawa, mutane sun ɗauka wakis ɗin feshi wanki ne na marasa lokaci. Motar da ta kwana ko a rufaffen gareji ne akwai ƙura a jikinta, balle wadda ta yini a titi jiya. Ƙurar nan da kake gani kamar gari, a cikinta akwai ɓarɓashin yashi, kuma yashi a ma'aunin tauri na Mohs yana kan lamba 7, gilashin taga ma bai wuce 5 da rabi ba, to ina ga kiliya wadda roba ce da farce ma ke iya yi mata alama? Kai kuma sai ka zo ka fesa ɗan ruwa fis fis sau biyu, ka ɗora tsumma ka danna ka rinƙa zagayawa, wallahi sanfefa ka haɗa da hannunka kana gurzar motarka kowace safiya har wata shida.

Abin da ya sa mutane ba sa ganewa da wuri shi ne wakis ɗin yana rufa musu asiri. Kana karcewa yana shiga cikin zanen yana cikewa, sai ka ja da baya ka ga mota na walƙiya ka ce ma sha Allah, bayan kwana kaɗan ya wanke ya fita, zanen ya bayyana, ka ƙara fesawa ka ƙara gogewa ka ƙara sabon zane a kan tsohon. Shi ya sa mai ce maka ka ƙara yawan fesawa ya fi mai maganar asid ɗin haɗari a wurina. Kuma baƙar mota ba ta ɓoye komai, fararen ma suna da irin wannan zanen ido ne kawai ba ya kamawa. Ka gwada da daddare, ka haska fitilar wayarka a kan bonet ka ɗan karkata kai, za ka ga zanen sun kewaye hasken kamar zobe, sannan ka buɗe ƙofa ka haska wurin da tsumma bai taɓa zuwa ba ka ga bambanci.

Kuma mutane ba su san yadda kiliya take da siranta ba. Mafi yawan motocin da suka fito daga kamfani kaurinta wajen maikiron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin gashin kai guda ba, ita ce ke tare hasken rana daga kalar da ke ƙasa, in ta tafi ta tafi sai dai a sake fenti. Akwai wani da ya kawo min tasa shuɗiya mai duhu, shekara biyu yana wannan aikin na safe da wani tsohon singileti da yake ajiyewa a but tare da jak da safaya taya, da na karɓi tsumman na murza a tafin hannuna sai da na ji yashi na ƙas ƙas, rufin motar ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, yana ta rantsuwa wai ai shi bai taɓa bari ta yi datti ba. Gaskiya ya faɗa, dattin duk ya gurje shi a cikin fenti.

Na san wani zai ce ai akwai wankin da ba a sa ruwa, a bidiyo ana nunawa. E akwai, amma wani sinadari ne daban mai santsi sosai da aka yi don ya ɗaga ƙura, ana jiƙa wurin sharkaf, ana amfani da tawul ɗin maikirofaiba da yawa ana juya fuska a kowane shafa ɗaya, kuma ko shi ɗin ƙura mara yawa ake yi wa. Masu tallan nan da ke zuba laka a kan bonet su fesa su share sau ɗaya ba sa taɓa nuna maka wurin a ƙarƙashin rana. Haka masu cewa wakis na goge kwarzane, ƙarya ce, babu abin da ke cire kwarzane sai folish wanda ke ɗan cin saman kiliya har ta daidaita. Kada ma a zo kan 'yan dabarun nan masu shafa gas ko baƙin mai wai don sheƙi, har na ji mai cewa a ɗiga man birki a tsumma, subhanallah, man birki DOT 3 da DOT 4 tayar da fenti yake yi, ko ɗigo ne ya zuba a bodi ana cewa ka wanke da ruwa nan take.

To me za ka yi yanzu? Ka daina gogewar safen nan daga yau, in ƙura ta dame ka gara ka fita da ita a haka ko ka watsa mata ruwa. Ka sa farce a hankali a kan zanen, in bai maƙale ba a saman kiliya suke, folish ɗaya da inji a hannun wanda ya san aiki zai fitar da mafi yawansu, amma kada ka bari a yi ta maimaitawa duk wata don kowane folish yana rage kaurin nan da na faɗa. In farce ya maƙale ko ka hango wata kala a ƙasa, wannan aikin mai fenti ne.

Bayan nan sai ka koma amfani da kwalbar yadda ya kamata. Ka fara zuba ruwa ya kwashe yashin kafin hannu ya taɓa, ka wanke da shamfun mota, omo da sabulun wanke-wanke suna saurin cire wakis ɗin da ka sa. A inuwa, bodi da sanyi, in ka fesa a kan ƙarfe mai zafi bushewa zai yi kafin ka shafa ya bar maka dabbare-dabbare. Ni na fi son fesawa tun motar na jiƙe, fesa biyu a kowace ƙofa sai in bi da tawul mai tsabta a miƙe ba a zagaye ba, yana ƙara santsi tawul ya zame kuma ruwan ya bushe ba tabo, sai in bi da busasshe. In ka cika shi maiƙo kawai zai yi. Tawul in ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Kada ya taɓa faifan birki, da cikin taya inda ke taka ƙasa, da sitiyari da fedal, santsi ne da shi. Gilashin gaba ma ka bar shi sai in an rubuta a kwalbar cewa ya dace, don wasu suna sa waifa ta rinƙa barin hazo da daddare a cikin ruwan sama. In an yi maka sabon fenti ka jira kwana 30 zuwa 90 gwargwadon abin da mai fentin ya ce, kuma in za ka kai ta fenti ka gaya masa kana sa wakis don silikon ɗin da ke cikin wasu na sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka. Lokacin sake fesawa kuwa ruwa ne zai gaya maka, ka watsa a bonet bayan wanki, in ya dunƙule yana gudu akwai saura, in ya kwanta shimfiɗe to ka ɗauko kwalbar.