Gudu Bayan Aikin Bawul: Zufa Ba Ta Tsinka Jini

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 39, ina zaune a Tumfure, Gombe. Wata goma ke nan da aka sa mini bawul na ƙarfe a zuciya, wato ƙofar jini da ake kira mitral, a Indiya. Kafin ciwon nan, kullum bayan asuba sai na zagaya filin wasa na Pantami. Yanzu na fara komawa, amma bugun zuciyata ba ya tafiya daidai, agogon hannuna ya nuna 150, can ya faɗo 90. An ce AF ce, wato bugun zuciya marar tsari. Wallahi tsoro nake kada in yanke jiki in faɗi a hanya. Kuma wani abokin gudunmu ya ce tunda ina zufa sosai jinina ya tsinke da kansa, in rage warfarin, maganin tsinka jinin da nake sha. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ka kwantar da hankalinka, AF kaɗai ba ta hana gudu. Shekarun da tsohon bawul ɗin ya yi a lalace sun buɗa ɗakin sama na hagu na zuciyarka. Aiki ya gyara ƙofa, ɗakin kuwa yana nan yadda ya buɗe, shi ya sa bugun yake tsalle-tsalle. Kafin ka ƙara sauri, je asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe a yi maka eko, wato hoton zuciya, a ga ƙarfinta, in da hali a yi maka awon bugun zuciya na ECG kana tafiya a kan na'ura. In kana zaune ma bugun ya haura 110, maganinka ne ke bukatar gyara tukuna.

Agogon nan kada ya firgita ka, yana yawan kuskure da bugun da ba shi da tsari. In kuma kana shan bisoprolol, maganin rage saurin bugun zuciya, lissafin nan na a cire shekarunka daga 220 don sanin iyakar bugun zuciya bai shafe ka ba. Ma'auninka bakinka ne: in kana sassarfa kana iya hira da na kusa da kai, ci gaba. Jiri, ciwon ƙirji, duhun ido, ko bugun da ya ƙi sauka bayan ka huta minti goma, tsaya, a kai ka asibiti ranar. A zafin Maris da Afrilu kada ka bari rana ta fito maka, da azumi kuma bari sai bayan buɗa baki. Ƙwallo dai ka haƙura da ita, gware ɗaya a ka ga mai shan warfarin ba wasa ba ne.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka. Na gaji da jin ta. Zufa ruwa ce da gishiri, ba ruwanta da sinadaran daskarar da jini da hanta ke sarrafawa, waɗanda warfarin ke ragewa. In ma akwai abin da zufa mai yawa ke yi, ƙara wa jini kauri take. Kai kuwa dalili biyu gare ka: ƙarfen da jini ke son mannewa a jikinsa, da ɗakin zuciya da ba ya matsewa sosai, jini na kwanciya a ciki. Gudan jini ɗaya kamar ƙwayar gero in ya ɓalle ya hau ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In ya maƙale a bawul ɗin, ya hana shi buɗewa.

Na ga wani matashi da iyalinsa suka sayar da gona aka yi masa irin aikinka. Da ya ji garau sai wani mai kemis ya ce masa warfarin "maganin ɓera ne", ya musanya masa da ƙaramar asfirin. An shigo mana da shi a kan tabarma, bakinsa ya karkace, ƙarar bawul ɗin nan mai kamar agogo da matarsa ta saba ji da dare ta dushe. E, da farko warfarin maganin ɓera ne. To sai me? Asfirin ba ta tsare bawul na ƙarfe. Sababbin magungunan nan ma irin su rivaroxaban da dabigatran, da ake yabo don ba sa bukatar awon jini, ba na mai bawul ɗin ƙarfe ba ne. Masu tallar garin magani da lasifika ranar kasuwa kuwa, in ka faɗi ba za ka ga ko ƙurarsu ba. Wannan magani naka ne har ƙarshen rayuwa, kuma awon jini na INR ne kawai ke faɗin ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai bawul irin naka galibi tsakanin 2.5 da 3.5 ake so ya tsaya. Na san wahalar layi da kuɗin awo duk wata, amma ba su kai kuɗin jirgin Indiya ba.

In gwiwa ta dame ka bayan gudu, farasitamol za ka sha. Diclofenac da ibuprofen a kan warfarin suna iya fasa maka jini a ciki. Kwaɗon zogale da miyar alayyafo ba a hana ka ba, sai dai kada ka yi wata ba ka ci ba sannan ka kwana bakwai kana ci, INR ɗinka zai rikice. Ranar da za ka zo, taho da katin awonka da duk ƙwayoyin da kake sha a cikin ledarsu, har da wanda aka ba ka a gida.