Amsa ga Maman Hadiza a kan ɗinka kayan wanka na mata a gida

Maman Hadiza, barka da yini. Na ga tambayarki tun jiya, cewa za ku je Kwatano hutu da maigida, kin samo patiron (zanen da ake bi a yanka yadi) na kayan wanka, wato na iyo, a intanet, kuma kina so ki san ko keken da ke ɗakinki zai iya aikin. Na daɗe ina tela a nan Zango, na kuma ɗinka irin waɗannan kaya sau da dama, yawanci wa 'yan mata masu tafiya karatu waje da matan da likita ya ce su riƙa motsa jiki cikin ruwa. Mu da muke tare da jarka a bakin famfo a Damagaram, in aka ce kayan iyo sai mutane su yi dariya, amma masu nema suna nan.

Kafin maganar keke, bari mu yi ta yadi, don nan na sha kunya. Na farko da na yi, da yadin auduga mai miƙewa na yi shi, irin na rigar sanyi ta yara. A bushe ya zauna das. Mai kayan ta shiga pisin, wato wurin iyo, na wani otel a Yamai, yadin ya sha ruwa ya yi nauyi, wandon ya fara zamewa, ta fito tana riƙe da ƙugu da hannu biyu. Da ta dawo ba ta ce mini uffan ba, ta aiko da shi cikin leda. Yadin wanka na ainihi ba auduga a cikinsa. Nailon ne ko foliyesta haɗe da likira (zaren da ke sa yadi ya miƙe), galibi kashi 80 da kashi 20. Ki ja shi ta tsawo, ki ja ta faɗi, dole ya miƙe ta kowane gefe, in kin saki ya koma yadda yake nan take. Wanda ya tsaya a sake, bar shi ko nawa aka rage miki. Idan pisin za ki fi shiga, foliyesta ya fi jure maganin da ake zubawa a ruwan. A Kasuwar Dole ba kullum nake dacewa da shi ba, sai in ba masu zuwa Kano saƙo su duba mini a Kantin Kwari, in haɗa su da ƙyalle don kada a kawo mini wani abu daban. Doguwar riga da wando da hula, mita 3 na yadi mai faɗin santimita 150 yana isar mace matsakaiciya. Ki zaɓi baƙi ko shuɗi mai duhu. Fari da ruwan hoda in sun jiƙe ba abin da suke rufewa.

Patiron ɗin kuma, wajen bugawa ki tsaya a kan mai kwamfuta kada ya rage girmansa don ya shiga takarda. Akwai ɗan murabba'i da suke sawa a shafin farko, ki auna shi da tef, in bai yi daidai da abin da aka rubuta ba a sake bugawa. Za ki ga wandon ciki da hula sun fi awonki ƙanƙanta. Haka aka yi su da gangan, yadin ne zai miƙe ya kama jiki. Mu teloli hannunmu ya saba ƙara santimita biyu ko uku "don numfashi", to a nan ki riƙe hannunki. Rigar sama kaɗai ce za ki bari da ɗan saki.

Yanzu keken. In Butterfly ce ta ƙafa irin ta iyayenmu, miƙaƙƙen ɗinki kawai take yi, shi kuwa ba ya miƙewa tare da yadi. Kina sa ƙafa cikin wando za ki ji ɗas ɗas, zare na tsinkewa. Zigizag ake so. In ba ki da mai yinsa, ki yanka komai a gida, ki kai wa tela mai keken lantarki ya haɗa miki, ki zauna kusa da shi. Allura ki nemi ta yadi mai miƙewa, lamba 75/11, bakinta ba ya huda zaren yadin, ratsawa yake. Allurar atamfa tsallake ɗinki take yi, ki ɓata yini kina zagin keke alhali ba laifinsa. Zare na foliyesta. In yadin yana santsi ko ƙafar keke tana tattare shi, ki shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa ki ɗinka tare, bayan nan ki yage ta. Kada ki ja yadin kina ɗinki, bakin zai yi ta lanƙwasa kamar ganyen salak.

Lastik na ƙugu ki yanka shi ya ɗan gaza zagayen wandon, ki raba kowanne gida huɗu da alli, ki haɗa alama da alama, lastik ɗin kaɗai za ki ja. Ƙirji da tsakanin wando a sa musu shafi, shi ma mai miƙewa.

Abin da yawancin masu ɗinka na rufe jiki ke mantawa: riga tana tashi sama da zarar an shiga ruwa, iska ta cika ta. Wannan samfurin da ake kira burkini, wata 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostareliya, Aheda Zanetti, ta fito da shi a 2004, kuma rigar da wandon a ɗaure suke da juna. Ni igiya nake ɗinkawa a cikin rigar, ɗaya dama ɗaya hagu, da 'yar maɗauri a ƙugun wando. Tsawon rigar kada ya wuce gwiwa, kuma kada ki yi mata faɗin hijabi. Yadi mai yawa yana naɗe ƙafa, tekun Kwatano kuwa yana da ja sosai, ko gwanaye suna shakkarsa. Ni dai da za ki ji tawa, ki tsaya a pisin ko inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

In kin gama, kada ki ninke ki sa a akwati. Ki sa kayan, ki shiga banɗaki da bokiti ɗaya, ki sheƙa a jiki, ki durƙusa, ki ɗaga hannu sama, ki sa Hadiza ta duba miki ta baya da fitila. Duk inda zai ba ki kunya a nan zai nuna. Bayan kowane wanka a ɗauraye da ruwa mai kyau, a shanya a inuwa, ban da guga. Ki ɗauko hoton yadin kafin ki biya kuɗi ki sa mana a nan, kina ja da hannu, in gani.