Amsar tambayarki kan lefe da wancan Baturen na Faransa

Wa alaikis salam ɗiyata, na ga saƙonki, Allah ya yi albarka. Kin ce malaminku ya karantar da ku ra'ayin Rousseau, wani masanin falsafa, wai ilimi da wayewa da tara dukiya su suka lalata ɗabi'un mutane, shine kike tambaya ko lefe al'adarmu ce ta asali ko cikin lalacewar ne, har kina tunanin ki ce a bar shi a bikinki. Toh bari in fara da mutumin tukunna.

Haifaffen Geneva ne, 1712, amma a Faransa ya yi suna. A 1749 yana tafe a ƙasa zai je duba abokinsa Diderot da aka kulle a Vincennes, sai ya ci karo da wata tambayar gasa a mujalla, masanan garin Dijon ne suka saka, wai shin bunƙasar kimiyya da fasaha ta gyara halin ɗan Adam? kowa ya ɗauka amsar eh ce tunda zamanin kenan da Turawa ke ta tinƙaho da hankali da bincike, shi ko gogan naki yace a'a, ɓatawa ma ta yi, kuma ya cinye gasar a 1750. Cewa yayi fasahohin nan furanni ne aka lulluɓe sarƙar da ke ɗaure da mutane don kar su ji nauyinta. A 1755 ya sake wani rubutun kan asalin fifiko tsakanin mutane, nan ne ya ɗora laifin kan mutum na farko da ya kewaye fili yace wannan nawa ne, kuma ya samu masu sauƙin kai suka yarda. Voltaire, wani shahararren marubucin Faransa, da ya karanta sai ya aika masa wasiƙar zolaya, wai karatun littafin har sa mutum yake sha'awar komawa rarrafe, sai dai shi ya haura sittin ya manta yadda ake yi.

Ni wurin da ya kama ni ba maganar filin bace. Akwai inda ya kwatanta mutanen farko sun fara taruwa a gindin bishiya ana waƙa ana rawa, kowa ya fara kallon kowa yana so shima a kalle shi, wadda ta fi kyau da wanda ya fi murya suka fara samun daraja, yace daga nan hassada da girman kai da jin kunyar rashi suka shigo, mutum ya daina rayuwa don kansa ya koma rayuwa a idon mutane. Kinga wannan ai dandali ne ya zana, kuma babu boko a ciki, babu kwamfuta.

Shi yasa ban yarda wai wayewa ce ta kawo mana gasar lefe ba. Kakarki a adudu aka kai nata, turmi kaɗan da sabulu da turare, amma ranar jere fa? mata ne ke cika ɗaki suna ƙirga kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, uwar da jeren 'yarta bai kai ba sai ta yi wata bata iya shiga taro ba, wasu har gona aka jinginar saboda gara. Adudu ya koma fantimoti, fantimoti ya koma saitin akwatuna da leshi da shadda da sarƙar gwal. Abinda ya canza da gaske shine yawan idon, da matan unguwa ne kawai, yanzu ana buɗe akwati ana ɗaukar bidiyo, kafin la'asar wadda bata san sunanki ba ta gama yi wa atamfofinki kuɗi. Ga tazarar mai shi da mara shi ta yi faɗi, ɗan mai gadi na auna kansa da ɗan ɗan kwangila, a nan kam Rousseau ya faɗi gaskiya.

Amma kar ki ɗauke shi waliyyi, mutumin da ya rubuta littafi guda kan tarbiyyar yara a 1762 shine ya kai 'ya'yansa biyar gidan marayu. Kuma da ilimin da yake zagi ya rubuta zagin.

Lefe al'ada ce, ba wajibin addini bane, sadaki ne wajibi kuma ko rubu'in dinari ya isar. Asalinsa sutura ce miji ke yi wa matarsa ta shiga gidansa da mutunci, wannan ban ga aibunsa ba. In kin ce a bari gaba ɗaya dangin mijin zasu ce an raina su, mahaifiyarki kuma ita zata sha surutu ba ke ba. Ki ce yaron ya yi daidai ƙarfinsa kar ya ci bashi, a kawo, manya su karɓa a ɗaki su sa albarka, banda bajewa a tsakar gida, banda waya. Kuma kar ki tunkari mamanki da maganar kai tsaye, ki bi ta wajen Gwaggonki, maganarta mamanki take ji. Ni zan yi wa babanki bayani in mun haɗu ranar Juma'a in sha Allah.