Filin Marubuta: Idan Kare ko Kyanwa Ke Ba da Labari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta babi uku na wani labari da karen farauta ke bayarwa da bakinsa. Waɗanda suka karanta sun ce tatsuniya ce kawai na ja ta yi tsawo. Ina gyaran yake? Daga ɗalibinku a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gizo da Kura na tatsuniya mutane ne sanye da fatar dabba: suna aure, suna cin bashi, suna kai ƙara wajen sarki. Ƙagaggen labari irin wanda kake so yana buƙatar karen ya zauna a karensa, ya san abin da jikinsa zai iya sanar da shi kawai.

Fara da hanci. Ɗauki babin farko, ka ja layi a ƙarƙashin kowane "na ga". Idan sun fi "na sansano" da "na ji" yawa, mutum ne ke magana. Kare ba da fuska yake fara gane maigidansa ba, da warin gumi ne, da hayaƙin da ya kama rigarsa, da takun ƙafarsa. Hanci kuma yana ba shi labarin abin da ya wuce: ya san zomo ya bi ta nan, ya san sawun na ɗazu ne ko na jiya. Wannan dama ce babba, don kana iya bayyana cewa baƙo ya shigo gida da dare ba tare da kowa ya gan shi ba.

Sai launi. Kare yana rarrabe shuɗi da rawaya, amma ja da kore suna rikice masa, don haka kada ya yaba jar hular maharbi. Idonsa kuma yana daidai gwiwar mutum. Ƙafafu yake gani, da takalma, da ƙarƙashin gado, da abin da ya faɗo daga akushi. Idan ya yi gudu a rana haki zai yi, harshe waje. Gumi ba ya keto masa a goshi, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Kwikwiyo kuma ido rufe ake haihuwarsa, sai wajen mako 2 yake buɗewa, saboda haka ba zai ba da labarin fuskar uwarsa a ranar haihuwa ba.

Tambaya: Malam, kyanwa ce mai ba da labarina, a gidan kishiyoyi. Tunda ba ta jin Hausa, yaya mai karatu zai san abin da ake faɗa? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Malama, hanya biyu ce, kuma tun shafin farko za ki zaɓi ɗaya. Ta farko, ki bar ta ta ji komai. Haka Natsume Soseki na Japan ya yi a labarin da ya fara fitowa a mujalla a 1905: wata kyanwa marar suna a gidan malamin makaranta, tana sauraren hirar baƙi tana yi musu ba'a. Wannan ya dace da raha da habaici. Ta biyu ta fi wuya, kuma a ganinmu ta fi daɗi: ta san kalmomi ƙalilan, sunanta da "kifi" da irin tsawar da ake korarta da ita, sauran kuma murya ce kawai, mai kaushi ko mai taushi. Ta ga uwargida ta daina ajiye mata ƙashin kifi, ta ji baƙon turare a ɗakin da take kwana, an fitar da tabarmarta. Ba ta san an yi amarya ba, mai karatu ya sani.

Inda ake ɓata aiki shi ne haɗa biyun, a ce a babi na 2 ba ta san kuɗi ba, a babi na 9 tana lissafin sadaki. Ki kuma tuna kyanwa na yin barcin awa 12 zuwa 16 a rana, tana farkawa da asuba da magariba, lokacin da ake yawan ƙus-ƙus a gida. Harshenta ba ya jin zaƙi, to kada ta yi santin alkaki.

Tambaya: Da "ni" zan rubuta ko da "shi"? Ina so karen ya mutu a ƙarshe. Daga Kumasi.

Amsa: Da "shi" ya fi sauƙi. Jack London na Amurka haka ya bi wani kare mai suna Buck a littafinsa na 1903, yana kusa da tunaninsa, yana kuma da damar faɗin abin da karen bai sani ba. Idan ka nace da "ni", tsayar da labarin kafin numfashin ƙarshe: ƙafafun baya sun ƙi tashi, warin maigida yana nisa. Ko ka ba wani ɗan gidan shafi ɗaya ya rufe.